In a Silent Way ko Bitches Brew: da wanne ya kamata ka fara?

Wata shida ne kacal tsakanin ranar da aka naɗi In a Silent Way da ranar da aka shiga ɗakin naɗar sauti domin Bitches Brew. Na farkon a zama ɗaya aka yi shi, ranar 18 ga Fabrairun 1969. Na biyun kwana uku ya ci, daga 19 zuwa 21 ga Agustan wannan shekarar. Duk biyun kundayen kiɗan jaz ne, mai busa ƙahon kuma ɗaya ne, Miles Davis. Kamfanin ɗaya ne, Columbia, furodusan ma ɗaya, Teo Macero, duk kuma a birnin New York aka yi aikin. Hatta makaɗa biyar daga cikin na farkon su ne suka sake dawowa a na biyun. Da wannan lissafin sai mutum ya ɗauka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk wanda ya ji ɗaya ya ji ɗayan. Sam ba haka abin yake ba. Wanda ya fara da wanda bai dace da kunnensa ba yana iya kashewa tun ba a yi nisa ba, ya tafi yana cewa ai wannan hayaniya ce kawai, ko kuma kiɗan sa barci ne.

Ba zan ɓoye ra'ayina sai ƙarshe ba: yawancin mutane gara su fara da In a Silent Way. Akwai dai waɗanda wannan shawarar ba ta yi musu ba, za mu zo kansu. Sannan tun da wuri ka sani, babu mai rera waƙa a ko ɗaya daga cikin biyun. Busa ce da kiɗa zalla, kuma kiɗa ɗaya yana iya jan minti 18, 20, har 27.

A farkon 1969 Davis yana da shekara 42, ya riga ya yi suna tuntuni. Shekara goma ke nan da yin Kind of Blue, kundin da ake yawan cewa babu na jaz da ya kai shi kasuwa. Daga 1964 zuwa 1968 yana tare da rukunin mutum biyar da masana ke sakawa cikin mafi ƙwarewa a tarihin jaz. Sai dai matasan Amurka, baƙaƙe da farare, sun fara juya wa gidajen jaz baya, kunnensu ya koma wajen James Brown, Sly Stone da Jimi Hendrix. Betty Mabry, wadda ya aura a 1968, tsundum take cikin wannan sabuwar duniyar, ita ake jingina wa jawo hankalinsa gare ta sosai. Ya riga ya fara shigo da fiyano mai lantarki cikin kundayensa na 1968, amma a waɗannan biyun ne ya tsallaka da ƙafa biyu.

Mu ɗauki na Fabrairu. Mutum takwas ne a ɗakin: Davis da ƙahonsa, Wayne Shorter da siririn saksofon, Herbie Hancock da Chick Corea kowanne a kan fiyano mai lantarki, Joe Zawinul a kan ogan, Dave Holland da ƙaton bes na katako da ake kaɗawa a tsaye, Tony Williams a kan ganguna, sai John McLaughlin da jitar lantarki. McLaughlin bai daɗe da sauka daga Ingila ba. Williams ne ya kirawo shi domin sabon rukunin da yake kafawa, Davis ya gan shi, ya ce washegari ya zo da jitarsa. Kundin duka wajen minti 38 ne, fuska biyu na faifan garmaho, kowace fuska kiɗa ɗaya mai tsawo.

Fuskar farko, "Shhh/Peaceful", ogan ne ke buɗe ta da amo mai kauri, jita ta biyo baya tana ɗiga a hankali, sannan Williams ya shigo. Wanda ya san Williams zai yi mamakin abin da aka sa shi yi a nan. Saurayi ne ɗan shekara 23 da ya yi suna wajen rikita ganguna, wanda ba ya buga abu sau biyu a jere ba tare da ya karkatar da shi ba. Amma ga shi an zaunar da shi a kan farantan ƙarfe biyun nan da ake haɗawa da ƙafa, yana ta kaɗa su cas-cas-cas, bugu ɗaya, har minti 18, sauran gangunan na gabansa kusan bai taɓa su ba. Holland ma amo biyu yake ta maimaitawa a ƙasa. A kan wannan shimfiɗar ce masu fiyano da ogan suke yawo, kowa na jefa 'yan amo yana janyewa, babu mai taka ƙafar wani. Sai an kusa minti biyu ƙahon yake shigowa, ba da ihu ba. Davis zai busa 'yar gajeruwar magana, ya yi shiru, ya bar ta ta zauna, sannan ya ƙara wata. Duk kiɗan a kan tushen amo guda yake tsaye, ba ya zuwa ko'ina. Daɗinsa yana cikin ƙananan canje-canjen da kunne ke fara kamawa da zarar ya daina jiran wani babban abu ya faru.

Fuska ta biyu ta fi ta farko, a ganina, nesa ba kusa ba. Tana farawa da kiɗan da kundin ya ci sunansa. Zawinul ne ya rubuta shi, mutumin Ostiriya da ke kaɗa wa Cannonball Adderley fiyano a lokacin, yana tuna ƙuruciyarsa a karkarar ƙasarsu. A al'adar jaz kowane kiɗa yana da jerin haɗe-haɗen amo da ke canzawa duk bayan 'yan bugu, mai busa kuma dole ya bi su bi da bi, kuma Zawinul ya cika nasa da irin waɗannan. Davis ya saurara, ya sa aka zubar da su aka bar guda ɗaya tak. Sannan, kamar yadda McLaughlin ya sha ba da labari, ya juyo ya ce masa ya kaɗa kamar wanda bai iya jita ba. Abin da ya fito shi ne minti huɗu da babu ganga ko ɗaya a ciki. Holland yana jan amo guda mai tsawo a ƙasa, jita ta kawo karin a hankali, kamar tana lalube, saksofon ya karɓa, ƙaho ya karɓa, daga baya su biyun suka haɗu. Ko wanda bai taɓa jin jaz ba zai iya bin wannan karin da baki bayan ji biyu.

Daga nan kwatsam ake faɗawa cikin "It's About That Time", inda jini ke fara gudu. Williams yanzu da sanda yake ƙwanƙwasa gefen ganga, ƙwas-ƙwas-ƙwas, bes da ogan suna ta kawo wani zagayen amo da ke hawa ya sauka. McLaughlin ya yi nasa, Shorter ya yi nasa, kowane lokaci sai ka ji kamar yanzu abin zai fashe, sai a ja da baya. Sai da Davis ya dawo da ƙaho can wajen ƙarshe ne Williams ya saki hannu, ya rufe ganguna da farantai da duka. Ɗan lokaci kaɗan abin ya ɗauka, ya koma ƙwas-ƙwas ɗinsa kamar ba shi ba. Rabin sa'a ana riƙe da mutumin nan kafin a sake shi, shi ya sa wannan ɗan takin ya fi wasu kundaye cikakku nauyi.

A nan ya kamata a kawo zancen reza, don ba za a fahimci ko ɗaya daga cikin kundayen ba sai da shi. A wancan zamanin a kan zaren tef ake naɗar sauti, gyara kuma yana nufin a sa reza a yanke zaren, a manna shi da wani. Macero ba mai danna maɓalli ba ne kawai. Shi ma mai busa saksofon ne, mai tsara kiɗa, ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, ya kuma san aikin masu haɗa kiɗa da tef irin su Edgard Varèse. Da suka gama yanke abin da ba sa so daga zaman 18 ga Fabrairu, abin da ya rage bai isa cika faifai ba. Sai ya kwafi kusan minti shida na farkon "Shhh/Peaceful" ya manna a ƙarshensa, ya yi haka nan da minti huɗun nan na fuska ta biyu. Ba sake kaɗawa aka yi ba, naɗin ne dai guda ake maimaita maka, har da numfashin mai busa. Masu ra'ayin cewa jaz abu ne da ake ƙirƙira nan take, sau ɗaya, ba ya dawowa, sun ga wannan a matsayin ha'inci. Ni ban gan shi haka ba. Karin Zawinul da ka ji a farko, da wanda ka ji bayan fashewar Williams, sauti ɗaya ne amma ba ji ɗaya ba, saboda abin da ya ratsa tsakani ya riga ya canza yadda kake saurare. Ga sabon shiga kuma wannan maimaicin gata ne, don yana ba shi abin riƙewa: ya san inda aka fito, ya gane an dawo.

To, Bitches Brew ba ya ba ka wannan gatan cikin sauƙi.

An fara naɗarsa kwana ɗaya bayan an tashi daga bikin kiɗa na Woodstock, wanda Hendrix ya rufe da safiyar 18 ga Agusta. Hancock da Williams ba sa nan. Maimakon a maye gurbinsu kawai, sai aka ninka kusan komai. Masu ganguna biyu, Jack DeJohnette da Lenny White, wanda a lokacin shekararsa 19. Bes biyu, na katako a hannun Holland, na lantarki a hannun Harvey Brooks. Fiyano mai lantarki biyu, Zawinul da Corea, a rana ta uku Larry Young ya zama na uku. Don Alias da Juma Santos a kan gangunan hannu da kayan kacau-kacau. Sai Bennie Maupin da babban kilarinet mai zurfin murya, wanda shi ne ya fi ba kundin launinsa: wani gurnani ne mai duhu da ke ratsawa ta ƙarƙashin komai, ba ka cika jin inda ya fara ko inda ya tsaya ba. A wasu kiɗe-kiɗen mutum 13 ne ke aiki lokaci guda. Davis bai zo musu da cikakken rubutu ba, 'yan guntaye ya kawo. Ana barin tef yana juyawa, shi kuma yana tayar da su, ya tsayar da su, ya nuna wannan ya shiga, wancan ya fita. A kiɗan da ke ɗauke da sunan kundin ana jin ƙarar yatsunsa yana ba da bugu, ana kuma jin dusasshiyar muryar nan tasa, wadda ta lalace tun bayan aikin maƙogwaro da aka yi masa a 1955, yana gaya wa makaɗa su riƙe kiɗan kam, yana kiran McLaughlin da sunansa ya shigo.

Sauraren In a Silent Way, kusan kullum ka san wanda ke magana. A Bitches Brew kuwa kamar ka shiga tsakiyar kasuwa ne ranar da take ci: kowa na magana, babu wanda ke jiran wani ya gama, kai ne za ka zaɓi muryar da za ka bi. Wannan shi ne ainihin bambancinsu, ya fi zancen ɗaya na da sanyi ɗaya na da zafi. Na farko shi ke jan kunnenka ya kai shi inda yake so. Na biyu aiki yake ba ka. Yau ka bi ganguna, gobe ka bi kilarinet ɗin Maupin, jibi ka zauna tsakanin Zawinul da ke kunnen hagu da Corea da ke kunnen dama kana jin yadda suke jifan juna. Shi ya sa mutane ke shekaru suna komawa gare shi, shi ya sa kuma ji na farko yake gajiyarwa.

Tsarin jerin kiɗe-kiɗen ma bai taimaki baƙo ba. Faifai biyu ne, wajen minti 94, kuma faifan farko shi ne mafi wuya. "Pharaoh's Dance", wanda shi ma Zawinul ya rubuta, minti 20 ne, an kuma lissafa yanka 19 a cikinsa. Buɗewarsa kanta da reza aka gina ta, ana ɗauko 'yan daƙiƙu ana maimaitawa, ta yadda abin da kake ji babu wani rukuni da ya taɓa kaɗa shi haka a jere. Ƙahon yana jinkirin shigowa, cikakken karin kuma sai can wajen ƙarshe Davis yake fito da shi fili. Bayansa sai kiɗan da ke ɗauke da sunan kundin, mai minti 27. Bes yana buga amo guda kamar ƙwanƙwasa ƙofa, fiyano da ganguna su rufto da wani haɗin amo mai kaushi, ƙaho ya tsaga sama, na'ura ta mayar da kukansa sau da yawa, amsa-kuwwa na bin amsa-kuwwa. Wannan buɗewar tana sa tsigar jiki tashi, ban san kamarta ba a duk ayyukan Davis. Amma gaskiya a faɗe ta, a tsakiyar kiɗan akwai wuraren da makaɗan ke tafe suna jiran umarni, abin ya yi ta juyawa wuri ɗaya. Masoyan kundin ba su cika son a faɗi haka ba, amma da an rage minti biyar babu wanda zai yi kuka.

Faifai na biyu ya fi karɓar baƙo. Dalili kuwa, "Spanish Key", "Miles Runs the Voodoo Down" da "Sanctuary" duk rukunin Davis na yawo, wato shi da Shorter, Corea, Holland da DeJohnette, sun riga sun yi ta kaɗa su a gaban jama'a a bazarar 1969 kafin a shiga ɗakin naɗi. Sun san hanyarsu, ba su buƙaci reza sosai ba. "Spanish Key" yana da bugu mai sa gyaɗa kai, kuma duk lokacin da za a sauya tushen amo ƙaho ne ke ba da alama da wata 'yar gajeruwar busa, kowa ya juya tare, don haka ba ka ɓata. "Miles Runs the Voodoo Down" kuwa a hankali yake takawa, da wani bugu mai rangaji irin na New Orleans. Don Alias ne ya hau ganguna a wannan, bayan an yi ta gwadawa da White abin bai zauna ba. Akwai kuma ɗan gajeren kiɗa mai suna "John McLaughlin", wanda Davis bai busa komai a cikinsa ba.

Yanzu ga waɗanda na ce shawarata ba ta yi musu ba. Na farko shi ne wanda ƙahon kansa ya kawo shi. Idan abin da kake so ka ji shi ne iyakar abin da Davis zai iya yi da wannan ƙarfen, Bitches Brew ne naka. A In a Silent Way yana busa ne a tsakiyar murya, da tattali, kuma lokacin da ƙahon ke fage ba shi da yawa idan aka cire maimaici. A watan Agusta kuwa mutumin yana kan ganiyarsa. A "Miles Runs the Voodoo Down" yana farawa da 'yan amo masu lanƙwasa, yana murɗa su, yana jan su, sannu a hankali ya hau sama yana yanka da gudu, ya tsaya cak, ya sake afkawa. An daɗe ana yi masa gorin cewa ba shi da ƙarfin busa da sauri irin na su Dizzy Gillespie. Duk wanda ya riƙe wannan zancen ya saurari minti 14 ɗin nan. Abu ɗaya dai, wanda ke neman ƙahon nan nasa mai kukan wa-wa da ake takawa da ƙafa ba zai same shi a ko ɗaya cikin biyun ba, sai a 1970 ya fara amfani da wannan na'urar.

Na biyu shi ne wanda kunnensa ya saba da kiɗa mai nauyi da cunkoso, mai sauraren Hendrix, ko fank na shekarun 1970, ko hip hop mai kaurin bes. Irin wannan zai iya jin In a Silent Way ya yi masa salam, ya yi ta jiran a fara har a gama. A gare shi gangunan biyu da bes biyu ba abin tsoro ba ne, gida ne. Tarihi ma ya nuna haka. Bitches Brew ya fito a ƙarshen Maris na 1970, da zanen Mati Klarwein a bangonsa, matasa masu sauraren rok ne suka yi rububinsa. Ya kai na 35 a jerin kundayen da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, ya ci Grammy a 1971, shi ne kuma kundin Davis na farko da ya samu shaidar faifan zinariya. A wannan shekarar ta 1970 Davis ya shiga busa a dandalin rok irin su Fillmore, ya kuma hau dandamalin bikin Isle of Wight a Ingila. In a Silent Way, da ya fito a ƙarshen Yulin 1969, bai yi irin wannan amon a kasuwa ba.

Wanda kuma ya zo daga Kind of Blue, ko daga kiɗan da ake saurare a natse, ko mai son kiɗan na'ura na zamani da ke ginuwa a kan maimaici, ko ma wanda bai san komai game da jaz ba, kada ya wahalar da kansa. Minti 38 abu ne da za ka iya gamawa a zama ɗaya, ka sake daga farko. Minti 94 kuwa yawanci sai an rarraba, kuma wanda ya rarraba ji na farko da wuya ya ga yadda abin ya haɗu.

Shi ma In a Silent Way yana da nasa rauni, raunin kuma daga kyawunsa ya fito. Yana da sauƙin komawa kiɗan bayan fage. Ka kunna shi kana wani aiki, zai wuce lami lafiya ba ka san ya wuce ba, ka ce ai ka ji shi, alhali ba ka ji komai ba. Marubucin nan Stanley Crouch, wanda ya fi kowa caccakar Davis a kan komawa lantarki, da irin wannan ya soki kundin, ya kuma zarge shi da sayar da kansa don kuɗi. Zargin kuɗin bai taɓa gamsar da ni ba. Wanda ke neman kasuwa ba ya buɗe kundi da kiɗan minti 20 marar waƙa, wanda babu gidan rediyon da zai saka shi cikakke. Amma sukar ta bayan fage akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, musamman a tsakiyar fuskar farko inda fiyano biyu ke ta walƙiya ba tare da sun ce wani abu ba. Maganin shi ne a ba shi kunne gaba ɗaya ko da sau ɗaya. Bitches Brew ba shi da wannan matsalar, ba ya yarda a yi aiki a gefensa. Ko dai ka saurare shi, ko ka kashe.

Abin da za ka saurara da shi ma yana cikin lissafi. Lasifikar waya ba ta iya fito da amo mai zurfi, Bitches Brew kuwa rabin ransa a can ƙasa yake. Cire bes biyu da kilarinet, abin da zai rage maka shi ne ƙarar farantai da ihun ƙaho, wato daidai hayaniyar da masu sukarsa ke faɗa. Sannan an raba makaɗan hagu da dama da gangan, White a gefe ɗaya, DeJohnette a ɗayan, don haka abin sawa a kunne mai kyau ya fi komai dacewa da shi. In a Silent Way ya fi jure ƙaramar lasifika, ko da yake shi ma za ka rasa dogon amon Holland da ke riƙe da karin Zawinul.

Wani zai tambaya wanne ya fi muhimmanci a tarihi. Yawanci Bitches Brew ake ba kambun, amma mutanen da suka gina salon da ya biyo baya duk suna cikin ɗakin tun Fabrairu. Zawinul da Shorter suka kafa rukunin Weather Report, McLaughlin ya kafa Mahavishnu Orchestra, Corea ya kafa Return to Forever, Williams yana da Lifetime, Hancock ya fitar da Head Hunters a 1973. Wannan dai ba dalilin zaɓen abin saurare ba ne, mu wuce.

Akwai wani kundin Davis na uku da ya cancanci a ambata saboda masu son jita. Jack Johnson, wanda ya fito a 1971, ya fi duka biyun kusa da rok tsantsa, McLaughlin a gaba, Billy Cobham a kan ganguna, Michael Henderson a kan bes. Wanda Bitches Brew ya yi wa cunkoso, In a Silent Way kuma ya yi wa sanyi, yana iya samun abin da yake nema a nan. Macero ma ya yi wata dabara a ciki: a fuska ta biyu ya ɗauko wani yanki na "Shhh/Peaceful" ya dasa, wanda ya san na farkon zai gane shi nan take.

Saura zancen wane bugu za a nema. Columbia ta fitar da manyan akwatuna na kowanne: na Bitches Brew mai faifan CD huɗu a 1998, na In a Silent Way mai uku a 2001. Kada ka fara da su. Na 1998 ma sunansa, da ke cewa cikakkun zaman naɗin Bitches Brew ne, na iya ruɗar mutum, don yawancin abin da aka ƙara ba daga kwana ukun Agusta ba ne, daga wasu zaman ne na watannin da suka biyo baya, har zuwa farkon 1970, da wasu makaɗan daban. Na 2001 ya fi amfani, amma sai ga wanda ya riga ya haddace kundin asali. A cikinsa akwai "Shhh/Peaceful" kafin reza ta taɓa shi, da wani kari da aka yanke gaba ɗaya, akwai kuma gwajin kiɗan Zawinul da haɗe-haɗen amonsa na asali da bugun ganga a ƙarƙashi. Jin wannan gwajin kusa da wanda aka fitar shi zai nuna maka yawan abin da Davis ya zubar, da dalilin da ya sa ya zubar.

Idan ka ga dai Bitches Brew za ka fara da shi, ko lokacin komawa gare shi ya yi, ba dole ba ne ka bi jerin da aka buga. Fara da "Miles Runs the Voodoo Down", ka bi da "Spanish Key", sannan "Sanctuary", wanda Shorter ya rubuta, shi ne kuma mafi kusa da natsuwar kundin Fabrairu. Idan waɗannan sun zauna maka, sai ka koma faifan farko, ka bar "Pharaoh's Dance" ya zama na ƙarshe. A yawancin bugun CD da na intanet za ka ga an ƙara wani kiɗa mai suna "Feio" bayan "Sanctuary". A Janairun 1970 aka naɗe shi, ba ya cikin kundin da aka fitar tun asali, kana iya tsallake shi.